Yadda Palm Pilot Ke Daidaita Bayanai da Kwamfuta, da Darasin da Ya Bar Wa Masu Wayoyin Yau

Kafin zuwan Android da iPhone, akwai wata 'yar na'ura da ma'aikata da 'yan kasuwa, musamman a Amurka da Turai, suke yawo da ita a aljihu. Ba a kira da ita, ba ta da kyamara. Aikinta adana lambobin waya, jadawalin ganawa, jerin ayyukan da za a yi, da gajerun rubuce-rubuce. Wadda ta fi shahara ita ce Pilot, wadda kamfanin Palm Computing na Jeff Hawkins ya fitar a 1996. Samfurin farko, Pilot 1000, ma'adanarsa kilobayit 128 ce kacal, wato ko hoto ɗaya na wayar yanzu ba zai shiga ba.

Maɓalli guda ɗaya

Abin da ya sa na'urar ta karɓu shi ne sauƙin haɗa ta da kwamfuta. Tana zuwa da wani ɗan mazauni mai igiya da ake jonawa a bayan kwamfuta. Mutum zai ɗora na'urar a kai, ya danna maɓallin da ake kira HotSync, sai ta fara magana da manhajar Palm Desktop da ke kan kwamfutar. Idan an gama, lambar da aka rubuta a na'urar tana kan kwamfuta, ganawar da aka shigar ta kwamfuta kuma tana cikin na'urar.

Wannan ya wuce kwalliya. Batir biyu ƙanana na AAA ne ke riƙe da na'urar, kuma idan suka mutu aka bar ta haka, duk abin da ke ciki zai goge. Wanda ya saba danna maɓallin nan yakan dawo da kayansa daga kwamfuta. Wanda bai saba ba, sai haƙuri.

Ta yaya take gane abin da ya canza?

Igiyar wancan lokaci ba ta da sauri, don haka ba a kwashe komai a tura duk lokacin da aka haɗa. Kowane bayani, misali sunan mutum ɗaya da lambarsa, yana da lambar shaida tasa. Yana kuma ɗauke da wasu alamomi a ɓoye. Idan aka gyara shi, sai a ɗora masa alamar an taɓa. Idan aka goge shi, ba ya ɓacewa nan take, sai dai a sa masa alamar an goge.

Da an danna HotSync, masu alama kawai ake dubawa. Wanda aka gyara a na'ura a kai gyaran kwamfuta, wanda aka gyara a kwamfuta a kawo shi na'ura, sannan a cire alamomin. Shi ya sa aikin ba ya daɗewa.

Idan kuma aka haɗa na'urar da wata kwamfuta daban, alamomin ba su da amfani ga ta farkon, domin an riga an share su a can. Na'urar tana riƙe da shaidar kwamfutar da ta haɗu da ita a ƙarshe, don haka idan ta ga an samu sauyi, sai a bi doguwar hanya: a kwatanta bayanan ɗaya bayan ɗaya.

To idan an gyara lamba ɗaya a wuri biyu, kowanne da irin nasa gyaran fa? Manhajar ba ta san wanne ne daidai ba, sai ta ajiye duka biyun, mai na'urar ya zaɓa da kansa. Daga nan ake samun suna ɗaya ya fito sau biyu, matsalar da masu wayoyi ke gani har yau.

Inda haɗarin yake

Daidaitawa ba ta san kuskure ba. Idan mutum ya goge lambar abokin cinikinsa bisa kuskure, alamar an goge za ta bi igiya ta je ta goge ta a kwamfutar ma. Palm ya san da haka, shi ya sa lokacin gogewa yake ba da zaɓin a ajiye kwafi daban a kwamfuta.

An daina amfani da mazaunin da igiyar. Microsoft ya yi nasa mai suna ActiveSync, kamfanin HP ya sayi Palm a 2010, Apple kuma ya kawo iCloud a 2011. Yanzu intanet ce igiyar, sabar Google ko Apple ce kwamfutar, kuma ba a jiran a danna komai. Amma ƙa'idar tana nan, har ma ta fi sauri: lambar da aka goge a waya ɗaya za ta ɓace a duk na'urar da ke kan asusun.

Wannan na faruwa sosai idan mutum ya ba ƙaninsa tsohuwar waya ko ya sayar da ita bai cire asusunsa na Google ba. Sabon mai wayar zai ga lambobin da bai sani ba ya share su, sai mai asusun ya wayi gari babu su a sabuwar wayarsa.

Abin da ya kamata a yi

Kafin a rabu da waya, a cire asusun tukuna, sannan a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Idan lambobi sun riga sun ɓace, Google Contacts yana riƙe waɗanda aka goge a kwandon shara na kwana 30, ana iya dawo da su kafin wa'adin ya cika. Sannan lokaci zuwa lokaci a fitar da lambobin a matsayin fayil ɗin vcf, a ajiye a kwamfuta ko filashi. Wannan fayil ba ya cikin daidaitawa, don haka duk abin da aka goge a waya ba zai taɓa shi ba.