Binciken Asali Ya Shiga Ɗakin Gwaji

Sanin kowa ne cewa a Wurno ko Rabah ko Goronyo ba a karɓar kuɗin gaisuwa sai dattawa sun yi binciken asali. A asirce suke tambaya: shin akwai farfaɗiya a gidan, ko taɓin hankali, ko kuturta? Ita kuturta an zalunce ta, domin ƙwayar cuta ke kawo ta, ba gado ba. Amma tushen tambayar daidai yake da abin da masana ke yi yau a ɗakunan gwaji.

A Turai da Amurka akwai ma'ajiyoyin maniyyi, inda maza ke ba da nasu domin taimakon waɗanda ba su sami haihuwa ba. Malaman Sunna sun haramta amfani da maniyyin wanda ba miji ba, saboda kiyaye nasaba, amma akwai darasi a cikin lamarin. Kafin a karɓa, ana auna jinin mutum, a kuma bi tarihin lafiyar iyayensa da kakanninsa. Duk da haka, a 2025 aka bayyana cewa maniyyin mutum guda daga wata ma'ajiya a Danmak ya samar da yara aƙalla 197. Wani sashe na maniyyin yana ɗauke da tawaya a ƙwayar gado mai suna TP53, wadda ke tsare jiki daga ciwon daji. Shi mutumin lafiyarsa ƙalau, gwajin da aka saba yi kuwa ba ya neman wannan tawaya.

A ƙasar Hausa, abin da gwaji ke kamawa ƙiri-ƙiri shi ne amosanin jini, wato sikila. Kimanin mutum 1 cikin 4 a Nijeriya mai rukunin AS ne, kuma ba ya jin ciwon komai. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zama SS. A lura, kowane ciki. Ba wai ɗa na huɗu ne zai kamu ba, kamar yadda ɗalibai kan rubuta a jarrabawa. Ana iya samun uku a jere. Auren zumunci, na ɗan wa da 'yar ƙane, yana ƙara yiwuwar haɗuwar irin waɗannan ɓoyayyun ƙwayoyi. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar tilasta gwaji kafin ɗaurin aure, har da na rukunin AS da SS.

Taɓin hankali kuwa ba ya karantuwa a ɗigon jini. Ciwon da likitoci ke kira sikizofireniya ƙwayoyin gado ɗaruruwa ne ke da hannu a cikinsa, tare da yanayin rayuwa. Yana kama kusan mutum 1 cikin 100. Idan uwa ko uba na da shi, adadin kan kai kamar 10 cikin 100. Ke nan yarinyar da aka fasa aurenta a Goronyo don mahaifinta ya taɓa kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa tana cikin rukunin da 9 cikin 10 ba za su taɓa kamuwa ba.