Sarauniyar Lugu a Bikin Wagadugu



Wanda ya bi ta Argungu ya ƙetara iyaka zuwa Nijar, ƙasar Arawa ta Dogon Dutsi ya faɗa. Can ne garin Lugu yake, inda Sarauniya Mangu ta ja daga da rundunar Faransa a 1899. Rundunar ta Voulet da Chanoine ce, wadda ta bi garuruwa tana ƙone rumbuna, tana karkashe mutane har Birnin Ƙonni. Sarauniya ba ta miƙa wuya ba. Da kwari da baka mutanenta suka tari masu bindiga, da faɗa ya yi tsanani suka shige kurmi.

To, wa ya fitar da labarin nan duniya? Abdullahi Mamani, marubuci ɗan Nijar, shi ya rubuta shi da Faransanci a 1980. Med Hondo ɗan Muritaniya ya mayar da shi fim a 1986, kuma a Burkina Faso aka ɗauke shi. A 1987 fim ɗin ya cinye babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu duk bayan shekara biyu. Kyautar kanta siffar wata jaruma ce, Yennenga, bisa doki riƙe da mashi. Ɗan Nijar ma ne ya fara ɗaukarta, Umaru Ganda, a 1972.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, jama'a, shi ne an kalli fim ɗin nan a Faris da Wagadugu, amma ku leƙa gidan kallo a nan Tambuwal da dare. Matasa ne zaune bisa benci, janareta na ruri, ana kallon fim ɗin Indiya da aka fassara da Hausa tsaf, har da karin magana. Ku tambaye su Sarauniya Mangu, da wuya ku sami mai amsawa, alhali maƙwabciyarmu ce, harshenmu ɗaya.

Don haka muke kira ga masu fassarar finafinai na Kano da Sakkwato, su nemi izinin masu haƙƙin fim ɗin, su sa masa muryar Hausa. In so samu ne, a ɗauko 'yan wasa daga Dogon Dutsi su yi muryoyin, da irin Hausarsu ta Arawa.