Me Ya Dawo da Waƙoƙin Zamanin Sangaya?

Waƙoƙin fina-finan Hausa na farko, waɗanda aka yi zaton sun tafi tare da kaset ɗin bidiyo, sun dawo da ƙarfinsu. A gidajen biki na Andarai da Maiyama, da na Jega da Aliero, mai sa kiɗa zai yi ta sakin sababbin waƙoƙi 'yan mata na takawa, amma iyaye mata ba sa tashi daga tabarma sai ya juya ya saki na zamanin Sangaya da Wasila. A nan ne za ka ga uwar 'ya'ya biyar ta miƙe tana bin waƙar baiti bayan baiti ba gargada. Masu tura waƙoƙi a waya sun san wannan ciniki, domin akwai masu zuwa rumfarsu ba abin da suke so sai "na da". A Facebook da TikTok kuma, guntun hoto mai dishi-dishi daga wani tsohon fim ya isa ya tara mutane suna yi wa mamata addu'a, suna tuna inda suke ranar da suka fara kallonsa.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan bege ba. A 1980 an fitar da wani fim a Amurka mai suna Fame, wanda Alan Parker ya ba da umarni, a kan ɗaliban wata makarantar sakandare ta birnin New York inda ake koyar da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo. Irene Cara ce ta rera babbar waƙarsa, waƙar ta ci kyautar Oscar a 1981, ta kuma hau saman jerin waƙoƙin Ingila a 1982 lokacin da aka mayar da labarin shirin talabijin. Da Irene Cara ta rasu a watan Nuwamban 2022, waɗanda suka yi ƙuruciya da waƙar sun yi ta juyayi kamar an yi musu mutuwa a gida. Zan dawo kan wannan fim, don akwai abin da begensu ya haifar wanda namu bai haifar ba tukuna.

Tarihin namu gajere ne. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin da ya buɗe kasuwar bidiyon Hausa. Kafin shekara goma ta cika harkar ta bunƙasa har ta sami mujallunta: Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim a 1999, a shekarar kuma sunan Kannywood ya fara fitowa a mujallar Tauraruwa. A daidai wannan gaɓa, a bakin shekara ta 2000, kamfanin Sarauniya ya saki Sangaya, labarin ɗan sarki da ya kamu da son Zubaina, yarinyar da ke aikatau a gidan sarauta. Ali Nuhu da Fati Mohammed da Hauwa Maina suka ja fim ɗin. Labarin ba sabo ba ne, tatsuniyoyinmu cike suke da irinsa. Waƙar ce ta sayar da shi. Daga nan masu shirya fim suka gane cewa waƙa ita ce jari, har ya zama ana iya fara tanadin waƙoƙi kafin a gama tsara labari.

Dalili na farko na dawowar waƙoƙin shi ne shekaru. Wanda yake da shekara goma sha biyar lokacin Sangaya yanzu ya kai arba'in ko ya dosa. Shi ne mai aurar da ƙanwa ko 'ya, ita ce uwar biki, su ke biyan mai kiɗa, don haka su ke da ta cewa. Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa abin da mutum ya ji tsakanin tasowarsa da farkon girmansa ya fi komai zama a ƙwaƙwalwa. Wannan gaskiya ne, amma bai isa bayani ba. Kowane zamani yana da 'yan arba'in ɗinsa, ba kowane ne ke riƙe waƙoƙin ƙuruciyarsa da irin wannan zafi ba.

Abin da na fi ba wa nauyi shi ne yadda aka kalli waɗannan fina-finai. A gari irin Andarai, a wancan lokaci, ba kowane gida ke da talabijin da bidiyo ba, wuta kuma ba abin dogaro ba ce. Kaset yakan taso daga dilolin Kano, ya biyo motocin 'yan kasuwa zuwa Jega, daga nan ya shiga ƙananan garuruwa ta hannun masu ba da haya. Kaset ɗaya sai ya zaga unguwa. A gidan da ke da janareta, bayan sallar isha'i, matan gida da na maƙwabta da yara za su cika tsakar gida, samari kuma su tafi gidan kallo su biya kuɗin shiga. In waƙa ta yi daɗi sai a ce a mayar da ita baya, a sake, a kuma sakewa, har kan bidiyon ya yi datti a nemo abin gogewa. Da safe 'yan mata masu talla sun riga sun haddace. Ga matan da ke cikin kulle musamman, bidiyon nan ya kawo musu kallon da silima ba ta taɓa ba su ba, tunda mace mai mutunci ba ta zuwa silima. Saboda haka idan matar nan ta ji waƙar a yau, ba Fati Mohammed kaɗai take gani ba. Tana ganin tsakar gidan mahaifinta, da innarta da ta rasu, da ƙawar da aure ya kai wani gari. Yau kowa da wayarsa a hannu, miji na kallon nasa, mata na kallon nata, yara na rigima a kan caji. An sami yalwar kallo, an rasa taron. Ina ganin rabin kewar da ake yi, ta wannan taron ce.

Sai sautin kansa. Kiɗan fiyano ne, na'urar Yamaha ce ke fitar da shi a situdiyo irin na Iyan-Tama a Kano, kuma tasirin fina-finan Indiya a fili yake, tunda Hausawa sun shafe shekaru tun wajen 1960 suna kallonsu a silima, daga baya a talabijin. Amma makaɗan farko sun yi wata dabara: sun sa fiyanon ya kwaikwayi kalangu da sarewa, suka ɗora waƙar bisa tsarin bayarwa da amshi irin na gaɗar 'yan mata a dandali. Shi ya sa kunnen ƙauye ya karɓe ta ba tare da jin baƙunta ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ta san waƙa. Gambu mai waƙar ɓarayi ɗan Fagada ne, a nan cikin ƙasar Maiyama. Sani Aliyu Ɗandawo ya yi zamaninsa a Yawuri, Narambaɗa da Ɗanƙwairo kuma ba gidan da ba a san muryarsu ba a tsohuwar jihar Sakkwato, wadda aka ciri Kebbi daga cikinta a 1991. Dattawan da suka tashi da waɗannan ba su ɗauki nanaye, wato waƙar fim, a bakin komai ba, kuma ta fuskar nauyin magana da azanci suna da hujja. Sai dai makaɗan fada sarakuna suke yi wa waƙa, Gambu da Ɗan Anace mazaje suke zugawa. Budurwa mai ciwon so ba ta da kaso a ciki. Nanaye ce ta ba ta bakin magana.

Mutuwa ma ta yi nata aikin. Balaraba Muhammad ta rasu a hatsarin mota a 2003, Ahmad S. Nuhu a ranar 1 ga Janairun 2007, Hauwa Ali Dodo a farkon 2010, Rabilu Musa Ibro kuma ya rasu a Disamban 2014, Hauwa Maina a 2018. Wasu 'yan wasa mata kuma aure ya janye su tun suna kan ganiyarsu. Fuskar da ta ɓace da ƙuruciyarta ba ta tsufa a idon masoyi.

Akwai kuma giɓin da masana'antar ta bari da kanta. Bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001, rawa da waƙa tsakanin namiji da mace kuma suka zama abin da aka fi sa wa ido. Tsakanin 2007 da 2011, zamanin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabantar hukumar, takurar ta kai ga ɗaure Adam A. Zango da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama. Daga baya satar fasaha ta karya kasuwar faifai, fina-finan Indiya masu fassarar Hausa suka cinye ragowar. Da Arewa24 ta zo a 2014 da Daɗin Kowa, sannan Kwana Casa'in da Labarina da Izzar So suka biyo baya, sai aka koma dogon zango, inda waƙa ta zama abin da ake ji a bayan fage, ba abin da ake tsayar da labari a yi ba. Mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker suka kama hanyar kansu da kundi da bidiyo. Waƙar da ke manne da labari, wadda in ka ji ta sai ka tuna wa aka raba da wa, ta yi ƙaranci. Wayar hannu, wadda mutane da yawa ke cewa ita ta dawo da tsofaffin waƙoƙi, a ganina hanya ce kawai. Da ba a jin ƙishin, da ba a nema ba.

To me wannan bege ya haifar? Alherinsa na farko shi ne ya ba uwa da 'ya abin da za su yi tarayya a kai, a lokacin da waya ke raba su. Ya kuma sa an fara tambayar su wane ne masu muryoyin. Shekaru da yawa mai kallo a ƙauye ya ɗauka ɗan wasan da ke motsa baki shi ke waƙar. Yanzu sunaye irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Mudassir Ƙasim da Sadi Sidi Sharifai da Maryam Fantimoti suna fitowa a bakin matasan da ba a haife su ba lokacin da aka yi aikin. Masu shirya fim su ma sun hango kasuwa: a 2018 Ali Nuhu ya sake yin Mujadala da sababbin fuskoki, cikinsu har da Umar M. Shareef.

Amma bege yana da tasa illar, kuma ina ganin ya kamata a faɗe ta. Yana wanke tarihi. Mutumin da yau yake cewa waƙoƙin da su ne masu tarbiyya, na yanzu kuwa lalata ne, ya manta cewa waɗancan ɗin ma an yi wa'azi a kansu a masallatai, an hana yara kallonsu, an kira masu yin su 'yan iska. Ya manta da yawan labaran da aka ɗauko kai tsaye daga fina-finan Indiya. In muka mayar da wancan zamani ma'aunin da ba a taɓawa, za mu yi wa yaran yau abin da aka yi wa yaran jiya, mu hana su gwada nasu. Sannan kuɗin da begen ke samarwa ba ya komawa inda ya dace. Mawaƙin farko sau ɗaya ake sallamarsa a situdiyo, shi ke nan. Yau waƙarsa na yawo a memori dubbai, tana tara masu kallo a shafukan mutanen da ba su san shi ba, shi kuwa ko sisi. An sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023, amma doka ba ta amfanar wanda ba shi da takardar yarjejeniya, ba shi kuma da asalin faifan aikinsa.

A nan ne labarin Fame ya zama abin dubawa. Makarantar da aka yi fim ɗin a kanta ta gaske ce, kuma tana nan, ta koma sabon gini a 1984 da sunan LaGuardia. A Ingila, wani malami mai suna Mark Featherstone-Witty ya kalli fim ɗin, ya ɗauki aniyar kafa irinta. Yana cikin waɗanda suka tsayar da makarantar BRIT a Landan a 1991, inda Adele ta yi karatu, sannan shi da Paul McCartney suka buɗe wata a Liverpool a 1996. Son waƙa ya zama aji da malami da ɗalibi.

Mu ma muna da makarantarmu ta gargajiya, ita ce amshi. Yaro zai shekara da shekaru a bayan ubangidansa yana karɓi, yana koyon kotso ko kalangu, kafin ya buɗe baki da tasa waƙar. Haka Sani Ɗandawo ya gaji mahaifinsa Aliyu. Waƙar fim ba ta gaji wannan tsari ba, ba ta kuma shiga na boko sosai ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da wasan kwaikwayo tun shekarun 1970, Jami'ar Bayero tana da nata sashen, akwai kuma makarantar koyon fim a Jos, amma yawancin waɗanda suka yi waƙoƙin da muke kewa a bakin fiyano suka koya, da kunne da naci. Da gwamnatin tarayya ta yi yunƙurin gina alƙaryar fim a Kofa ta jihar Kano a 2016, adawar malamai da jama'a ta sa aka janye. Jami'ar da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, ta kimiyya da fasaha ce. Yaron Andarai mai murya da kunnen kiɗa, hanyar da ya fi sani har yanzu ita ce ya hau mota zuwa Kano, ya raɓu da wani situdiyo a titin gidan Zoo, ya yi ta aike har Allah ya sa a ba shi dama. Yarinya kuwa, mafi yawa, ko wannan ba ta da shi. Al'ummar da ke rera waƙar a biki ita ce ba ta yarda ɗanta ya koye ta a matsayin sana'a ba, kuma ban ga alamar begen ya sauya wannan ba.

Abin da ya fi gaggawa ma shi ne ajiya. Kaset ɗin bidiyo ba ya jure zafi da ƙura, zarensa yana mannewa, hotonsa yana dusashewa. Yawancin abin da ke yawo a waya kwafi ne na kwafi, an yanke farko, an yanke ƙarshe, sunayen mawaƙi da makaɗi sun tafi tare da yankan. Shaihu Umar, fim ɗin Adamu Halilu na 1976, an daɗe ana zaton ya ɓata, sai da aka tsinci faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Shi a faifan silima yake, wanda ya fi kaset ƙarko nesa ba kusa ba. Fina-finan 1990 zuwa 2005 ba za su iya jiran shekara arba'in ba. Ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa tana Jos, ƙarƙashin hukumar da aka naɗa Ali Nuhu shugabanta a Janairun 2024, kuma shi ya san gidajen da asalin kaset-kaset ɗin suke, ya san masu su da sunayensu. Aikin da ke gabansa da furodusoshin Kano da Kaduna shi ne a tattaro su tun ana iya kunna su, a juye su a kwamfuta, a rubuta wa kowace waƙa sunan wanda ya tsara ta, da wanda ya rera, da wanda ya kaɗa.