Farautar barewa a Amurka: kwana tara a shekara

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kaka ta wuce, an cika rumbuna, ga rani ya kama. Wannan shi ne lokacin da mafarauta ke gyara kayansu. Amma ku tambayi tsofaffin garinku: yaushe rabonsu da ganin garken barewa a bakin gona? Don haka yau za mu duba wata ƙasa mai nisa, inda ake farautar barewa kowace shekara, amma ba ta ƙare ba.

Wace irin barewa ce?

Barewar Amurka ba irin tamu ba ce. Ta fi akuya girma ƙwarai. Babban namiji kan kai kilo 70, wani har 100. Ƙarƙashin wutsiyarta fari ne. Namiji ne ke da ƙaho, mai rassa kamar icce. Kowace shekara ƙahon na faɗuwa, wani ya tsiro. Suna barbara a watan Nuwamba, mace ta haihu a Mayu ko Yuni, sau da yawa tagwaye.

Zangon farauta na iyali

A arewacin Amurka akwai jaha mai suna Wiskonsin, ƙasar noman masara da kiwon shanun nono. A can, babbar farautar bindiga kwana tara ce rak. Tana farawa ran Asabar, cikin rabin ƙarshe na Nuwamba, ta ƙare ran Lahadi ta mako mai bi. A Mishigan, maƙwabciyarta, daga 15 zuwa 30 ga Nuwamba ne. Masu baka da kibiya suna da nasu lokaci dabam.

Gidaje da yawa suna da ɗakin katako a cikin daji, wanda suka gada daga kakanni. Shi ne zangonsu. In lokaci ya yi, kaka da uba da ɗiya da jikoki sai su taru can, har waɗanda ke aiki birni. Suna tafiya da guzuri da iccen hura wuta, don ɗari ne mai tsanani, wani lokaci har da ƙanƙara.

Tun da asuba kowa ya tafi wurin da aka ba shi, ya hau bisa icce ko ya laɓe, ya jira shiru. Yaro na zama kusa da babba, yana koyon sawu da bin iska. Da dare su komo zango, a ci abinci, a yi hira. Naman da aka samu, a raba shi, a kai gida, iyali su ci har wata da watanni.

Mutum fiye da rabin miliyan ne ke sayen takardar izini a Wiskonsin kowace shekara. Cikin kwana taran nan suna kashe barewa fiye da dubu 150. Duk da haka, baɗi sai su tarar da wasu.

Da can ta kusa ƙarewa

Wajen shekarar 1900, barewar da ta rage a Amurka duka ba ta wuce rabin miliyan ba. An sare dazuzzuka don noma. Ƴan kasuwa na kashe ta rani da damana, suna aika nama da fata birane a jirgin ƙasa.

Sai hukuma ta tashi. A 1900 aka yi dokar da ta hana kai naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga wata jaha zuwa wata. A 1937 aka yi wata doka: harajin da ake biya bisa bindiga da harsashi, a mayar da shi ga aikin tsaron namun daji. Ashe maharbi da kuɗinsa ake raya abin da zai harba. Yau barewar ta kai wajen miliyan 30. Har ta yi yawa a wasu wurare, tana ɓarna a gonakin masara da waken soya.

Ƙa'idodin da suke bi a Wiskonsin

1. Ba a farauta sai da takardar izini, kuma takardar na faɗin yawan abin da mutum zai kashe.
2. Ba a taɓa barewa lokacin haihuwa da shayarwa.
3. Mace na da tata takarda. Inda barewa ta ragu, a rage takardun mata. Inda ta yi yawa, a ƙara.
4. Ba a harbi da dare da fitila. Ba a kora da karnuka ko da mota.
5. Wanda ya kashe, tilas ya sanar da hukuma. Da haka ake lissafin na baɗi.
6. Naman na ci ne da kyauta, ba na saidawa ba.
7. Kowa ya sa riga mai haske, galibi ruwan lemu, don kada ɗan uwa ya harbe shi.

Ku dubi ƙa'ida ta uku da kyau. Makiyayi ya san ta tun da daɗewa. Bunsuru ɗaya ya ishi awaki da yawa. In ka yanka bunsuru, garke na nan. In ka yanka akuya mai ciki, ka yanka biyu ko uku.

To, mu fa a Nijar?

Mu ma muna da al'adar farauta, da sarkin dawa da maharba masu sanin daji. Amma fari na 1973 da na 1984, da faɗaɗa gonaki, da gobarar daji, da masu korar namu da mota, sun cinye dawa. Mariri ya ɓace daga ƙasarmu. A shekarar 2000 aka bayyana cewa babu shi a dajin duniya duka, sai wanda ake kiwo a killace. Sai a 2016 aka sake sakin wasu a Cadi.

Amma abin da aka tsare yana komowa. A 1996 raƙuman dawa 49 kawai suka rage wajen Kure, kusa da Yamai. Hukuma da mutanen ƙauyuka suka haɗa kai, suka tsare su, har suka haura 600. A 2018 aka ɗauki 8 aka kai gandun dajin Gadabeji, cikin jahar Maradi. Wannan gandu tun 1955 aka keɓe shi.

Muna da doka kuma, mai lamba 98-07 ta ran 29 ga Afrilu 1998. Ita ta tsara farauta da tsaron namun daji. Akwai dabbobin da ta hana kashewa sam, kamar raƙumin dawa da jimina.

Abin da za mu yi bana

Ƙasarsu na da ruwan sama da itatuwa fiye da tamu, barewarsu kuma ta fi tamu yawan haihuwa. Saboda haka mu ne ya kamata mu fi su taka tsantsan.

Kafin a buga gangar farauta, shugaban mafarauta ya je wurin ma'aikatan gandun daji, ya ji lokacin da aka buɗe, da abin da aka halatta, da takardar da ake bukata. Kada a sa wa daji wuta don bushiya ko zomo, domin ciyawar nan ita ce abincin bisashenmu har damana. A ƙyale mace mai ciki da mai shayarwa. Wanda ya tsinci ɗan barewa ya bar shi inda yake, uwarsa na kusa. In kun ga baƙi da mota suna korar namu, ku gaya wa maigari.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa mafarautan garinsu wannan takarda. Wanda ya ci iri, ba ya da shibka. Allah ya kai mu damana lafiya.