AUREN ƳA MACE DA KARATUNTA: DARASI DAGA WANI WASAN PAKISTAN

Tun da daɗewa jama'ar ƙasar Hausa suka saba da fina-finan Indiya. Amma maƙwabciyarta Pakistan ita ma tana da nata wasannin kwaikwayo na talabijin cikin harshen Urdu, kuma akwai ɗaya daga cikinsu da ya cancanci magidantan Tasawa da Mayahi su san labarinsa.

Sunan wasan Zindagi Gulzar Hai, wato rayuwa lambun furanni ce. Wata mace mai suna Umera Ahmad ta rubuta shi, Sultana Siddiqui ta shirya shi, tashar Hum TV ta nuna shi kashi 26, daga watan Nuwamba na 2012 zuwa watan Mayu na 2013.

Ga yadda labarin yake. Wani mutum, Murtaza, matarsa Rafiya ta haifa masa ƴaƴa uku, duka mata. Sai ya juya musu baya, ya ƙara aure don neman ɗa namiji. Rafiya shugabar wata makarantar gwamnati ce. Da ɗan albashinta, da karatun da take koyar da yara da maraice, ta riƙe gida, ta ƙi yarda a cire ƴaƴanta daga makaranta. Ƴarta Kashaf ta yi ƙwazo har ta sami shiga jami'a, daga baya ta ci jarrabawar manyan ma'aikatan hukuma, aka ba ta muƙami.

Sai da ta kai nan ta auri Zarun, ɗan masu hali, wanda suka yi karatu tare. Zaman bai zo da sauƙi ba. Shi yana son matar da za ta bi maganarsa, ita kuwa ba ta manta da abin da ya sami uwarta ba. Da ta sami ciki, tsoro ya kama ta kada ta haifi mata mijin ya guje ta. Ƙarshe dai suka daidaita, ta haifi tagwaye mata, uban ya karɓe su hannu biyu.

Wannan labari ba baƙo ba ne a jahar Maraɗi. Binciken lafiyar al'umma na shekarar 2012 ya nuna cewa a Nijar kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18, a jahar Maraɗi kuwa adadin ya kai kashi 89. A ƙauyukan Tasawa da Mayahi dalilan sanannu ne. Yarinya takan gama firamare, amma kwaleji tana nesa, sai an nemo mata mai masauki a gari. Uba na tsoron abin kunya, uwa na bukatar kuɗin talla don kayan ɗaki, ga kuma shekarar da rumbu bai cika ba. Idan mai neman aure ya zo a irin wannan hali, littafi shi ne abin da ake fara ajiyewa.

A watan Disamba na 2017 gwamnati ta sa hannu kan dokar kare karatun ƴa mace har ta kai shekara 16. Amma doka ba ta shiga zauren kowa sai da taimakon sarakuna, da limamai, da malaman makaranta, da su kansu waɗanda suka yi yaƙi da jahilci suka ga amfanin karatu da girmansu.

Wasan bai kushe aure ba, domin Kashaf ta yi aure ta zauna ɗakinta. Abin da ya nuna shi ne, shekarun da uwarta ta jira ba su hana ta miji ba, kuma su ne suka sa ta zama madogarar gidansu lokacin da uban ya yi watsi da su. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Ya kamata kowane uba ya auna wannan kafin ya karɓi goron ƴarsa.