Idan Baƙin Cikin Rashi Ya Ƙi Wucewa

A ƙasar Hausa mun san yadda ake karɓar mutuwa. Akan yi zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, matar mamaci kuma ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Daga nan sai a naɗe tabarmi, masu gaisuwa su koma harkokinsu. To, wane hali jikin wanda aka bari yake ciki?

A wurin masanin ilmin halitta, baƙin ciki ba a rai kaɗai yake tsayawa ba. Wasu 'yan ƙululai da ke bisa ƙoda sukan zuba sinadaran adirenalin da kotisol cikin jini, irin waɗanda jiki ke fitarwa in ya hangi haɗari. Sai barci ya ƙaurace, abinci ya fita a rai, garkuwar jiki ta yi rauni. A shekarar 1990 likitoci a Japan suka bayyana wani ciwo da suka kira takotsubo, wato sunan tukunyar da masunta ke kama wata dabbar teku da ita, domin ɗakin zuciya na hagu yakan kumbura ya ɗauki siffarta bayan mummunan labari. Ya fi kama mata masu shekaru, kuma galibi yakan warke cikin makonni. Ashe masu cewa "zuciyarsa ta karye" ba su yi nisa da gaskiya ba.

Mafi yawan mutane sukan farfaɗo a hankali, da addu'a da dangi da wucewar lokaci. Amma akwai kaɗan da abin ke tsaya musu cik. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda ya fara aiki a 2022 ya sa wannan cikin lalurori: begen mamaci mai tsanani da ya haura wata 6, ya zarce abin da al'adar mutum ta saba, har ya hana shi aiki ko karatu.

Maganinsa kuwa, abin mamaki, magana ce. Wata likita a Amurka, Katherine Shear, ta tsara zama 16 tsakanin mai lalura da ƙwararre. Mutum zai rufe ido ya ba da labarin ranar rasuwar daki-daki, a ɗauka a kaset, ya riƙa saurare a gida. Abu ne mai zafi, babu shakka, amma da maimaici ƙwaƙwalwa ke koyon ɗaukar abin da take gudu. Sannan a taimaka masa ya koma wuraren da ya ƙaurace wa, ya kuma tsara abin da yake so ya yi da sauran rayuwarsa. A gwajin da aka buga a 2005, kashi 51 cikin 100 suka sami sauƙi, alhali da wata tsohuwar hanyar kashi 28 ne.

Wasu ma sukan wuce samun sauƙi. A 1996 Richard Tedeschi da Lawrence Calhoun suka nuna cewa mutane da dama kan fito daga masifa da ƙarin tausayi da sanin darajar rayuwa. Ni dai ban ɗauki wannan diyyar rashi ba. Maraya zai fi son ubansa da kowace irin hikima.

Abin da ke hana mu neman taimako kunya ce, da tsoron kada a ce mun rasa tawakkali. Alhali wanda ya karye a ƙafa ba ya barin maɗori don yana addu'a. Malamin da ya ga ɗalibi ya yi zango biyu yana ramewa, ya daina magana, makinsa na zubewa tun rasuwar mahaifiyarsa, ya kira shi gefe ya saurare shi, sannan ya tuntuɓi iyalinsa. Akwai masana halayyar ɗan Adam a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Maiduguri da Kware. In kuwa yaro ya fara ambaton kashe kansa, a kai shi a ranar, kada a jira gobe.