Makarantar da Aka Hana Turanci

A garin Middlebury da ke jihar Vermont ta ƙasar Amurka, akwai wata kwaleji da ta yi suna wajen koyar da Jamusanci. Kowace shekara a lokacin dogon hutu, ɗalibai sukan tare a ɗakunan kwananta har mako 7. Kafin a soma karatu, kowa sai ya sa hannu a takardar alkawari cewa ba zai yi magana da wani harshe ba sai Jamusanci. Wanda ya riƙa saɓa alkawarin ana iya sallamarsa.

Wata malama mai suna Lilian Stroebe ce ta kafa makarantar a 1915, sa'ad da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya toshe hanyar zuwa Jamus. Bayan Amurka ta shiga yaƙin a 1917 aka rufe ta, sai a 1931 aka sake buɗewa.

Karatun bai tsaya a aji kaɗai ba. Malamai da ɗalibai tare suke cin abinci, suna hira da Jamusanci. Da shi ake wasan kwaikwayo, da waƙa, da buga ƙwallo. Baƙo yakan sha wuya a kwanakin farko, amma tun da ba mafita, sannu a hankali bakinsa sai ya buɗe.

To, jama'a, mutanen nan kuɗi masu yawa suke biya don su zauna inda za su ji harshe dare da rana. Mu kuwa a zango muna da wannan kyauta. In har muka bar yi wa 'ya'yanmu Hausa a tsakar gida, ina za su same ta?